DOKI MA BAƘO NE A KURMI

Duk wanda ya bi ta Hanyar Ribadu a Ikoyi da sassafe, tun motoci ba su cushe ba, in ya leƙa filin ƙwallon dawaki zai ga samari suna zagaya shi, kowane ya hau doki ɗaya ya jawo waɗansu biyu ko uku a gefensa. In ya kasa kunne zai ji da Hausa su ke magana da juna, da ita kuma su ke yi wa dawakin tsawa ko lallashi. Waɗannan su ne yaran doki, mutanen Katsina da Kano da Sakkwato da Barno da ƙasar Nijar, waɗanda neman abinci ya kawo Ikko kamar yadda ya kawo 'yan'uwansu na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun. Ranar gasa ba a kiran sunansu a lasifika, ba su kuma miƙa hannu su karɓi kofi. Amma da za su kwashe kayansu su nufi tashar mota a dare ɗaya, da wuya a sake buga ƙwallo a filin nan kafin wata ya mutu.

Wannan aiki kuwa ba yau aka fara shi ba. Tun zamanin daular Oyo, lokacin da Alafin ke taƙama da mayaƙan dawaki, daga Arewa a ke sayo dawakin, kuma Hausawa da Nufawa da Barebari ke kiwonsu, yawancinsu a matsayin bayi. Dalili shi ne doki ba ya haihuwa sosai a ƙasar da ke da ƙudan tsando, ba ya ma daɗewa da rai, saboda haka kullum sai an kawo sabo, an kuma kawo wanda ya san hannunsa. Bauta ta wuce, an kuma sare dazuzzuka da yawa, amma har yanzu doki daga Arewa ya ke zuwa Kurmi, mai kula da shi ma haka.

Shi wasan ƙwallon dawaki, watau folo, Turawan Ingila suka kawo shi ƙasar nan, aka kafa kulob ɗin Ikko a 1904. A 1914 Sarkin Jamus ya ba da kofi don a riƙa karawa tsakanin Nijeriya da Kamaru, wanda daga baya aka sake masa suna ya zama Kofin 'Yancin Kai. A Kaduna aka fara gasar Kofin Georgian a 1919, sa'an nan a 1962 Dokta Majekodunmi, wanda ya riƙe Jihar Yamma lokacin dokar ta-ɓaci, ya ba da kofin da har yau ya fi kowane daraja a gasar Ikko. Amma gidan da ya mai da folo na 'yan ƙasa shi ne gidan sarautar Katsina. Sarki Muhammadu Dikko ya sa aka share fili, ya sa 'ya'yansa da mutanensa suka koya. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai daraja ta 7 a ma'aunin 'yan wasa, ma'aunin da ke farawa daga ƙasa da sifiri ya tsaya a 10. Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman duk sun gaji sandar.

Hanya da iska

Wahalar dokin da za a kawo Kurmi tun a mota ta ke farawa. Daga kasuwa irin ta Maigatari, wadda ke ci ran Alhamis, ko daga wata barga a Kano, tafiyar ta fi mil 600, doki yana tsaye a bayan babbar mota yana dafe kansa a kowace kwana da kowane rami. In aka ɗaure masa kai sama, ba ya iya sunkuyawa ya fyace ƙurar da ya shaƙa, sai ta taru a huhu. Bayan kwana ɗaya ko biyu da sauka sai a ga zazzaɓi da tari, mai doki ya ce iskar Ikko ce ba ta karɓe shi ba, alhali kuwa tun a Jebba ciwon ya kama shi. Masu barga da suka san aiki su kan tsaya a hanya su ba da ruwa, su sassauta ragama yadda doki zai iya sa kansa ƙasa, in an iso kuma su ware baƙon doki daga sauran har mako biyu ko uku kafin a gama su a kwami ɗaya.

Wannan warewa ba tsirfa ba ce. A watan Janairu na 1991 mura ta dawaki ta ɓarke a cikin dawakin folo a Badun, a daidai lokacin da aka tara su daga garuruwa daban daban. A ƙarshen 2018 da farkon 2019 irin wannan mura ta ratsa ƙasar Sakkwato da Nijar ta kashe jakuna masu yawa. Cuta ce da ke bin numfashi da guga da hannun mutum, kuma wurin gasa, inda dokin Fatakwal ke shan ruwa kusa da na Katsina, shi ne kasuwarta.

Wadda ta fi ta muni ita ce cutar da likitoci ke kira annobar dawakin Afirka. Ƙyashi ke ɗauko ta, ƙwaron nan ƙarami da ke cizo da magariba da kuma asuba, wanda ke hayayyafa a wurin danshi da kashin dabbobi. Doki ya kan kumbura a kai, musamman a ramin nan na bisan ido, ko kuwa huhunsa ya cika da ruwa har kumfa ta riƙa fita ta hanci. Dokin ƙasa, wanda kakanninsa suka saba da ita, sau da yawa ya kan tsira. Baƙon da aka sauko da shi daga jirgi kuwa, in ba a yi masa rigakafi ba, cikin goma tana iya kashe tara. Ba ta da magani in ta kama. Abin yi shi ne allurar rigakafi a kan lokaci, da shigar da dawaki ɗaki kafin faɗuwar rana, da kwashe kashi, da hana ruwa kwanciya a bayan barga. In an yi shakka a ɗebi jini a aika Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ke tun 1924.

Sammore ma tana nan, ko da ya ke ƙudan tsando ya ja da baya daga cikin manyan birane. Kaska kuwa ba ta bar ko'ina ba, tana sa zazzaɓin da ke shanye jini har cikin fatar ido ya koma fari ko rawaya. Yaron doki na ƙwarai kullum da safe ya kan ɗaga leɓen dokinsa ya dubi dasashi, ya shafa ƙafafu huɗu ya ji ko akwai zafi, ya dubi kashi da ragowar abincin jiya. Zafin jikin doki mai lafiya ya kan tsaya tsakanin digiri 37.5 da 38.5, zuciyarsa kuma in yana hutawa tana bugawa kamar sau 30 zuwa 40 a minti. Ma'aunin zafi ba ya da tsada ko kusa da buhun dawa, amma barga nawa ke da shi?

Ciki da kofato

Mutumin Arewa ya san abincin doki tun yana yaro: dawa, dusa, harawa, harƙiya, da kanwa a ruwa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne yadda Kurmi ke ɓata waɗannan abubuwa. Harawar da za ta shekara a kan rumfa a Daura ba ta lalace ba, a Ikko da damina sati kaɗan ya isa ta yi fumfuna. Dusa ta kan dunƙule ta yi tsami, dawa ta yi baƙi. Yaro ya ga asara ce a zubar, ko kuwa ya ji tsoron faɗan maigida, sai ya zuba wa doki, da dare kuma a ji doki yana tonon ƙasa da ƙafa yana waiwayen cikinsa.

Ciwon ciki shi ne babban mai kisan dawaki a barga, kuma dalilinsa yana cikin halittar dabbar. Tumbin doki ƙarami ne in an gwada da girmansa, ba ya kuma iya amai, saboda haka duk abin da ya shiga sai ya bi hanji mai tsawon gaske kafin ya fita. Allah ya yi shi ne don ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan kaɗan. Mutum ya ɗaure shi a turke ya ce sai ya ci kwano biyu na hatsi safe da yamma. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce doki ya ci kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a yini, watau mai kilo 400 ya ci wajen kilo 8, kuma fiye da rabin wannan ya zama ciyawa ko harawa. Hatsi a raba shi sau uku ko huɗu. In za a sake masa abinci, a yi a hankali cikin mako guda ko kwana goma. Ruwa kuwa lita 25 zuwa 50 a yini, fiye da haka in ya yi aiki cikin zafi.

In ciwon ya zo, a kwashe abinci daga gabansa, a ɗan zagaya da shi a hankali, a aika wa likita tun da wuri. Ɗura wa doki mai ko jiƙo ta hanci da kwalba, yadda waɗansu ke yi, ya sha kashe dokin da ciwon kansa bai isa ya kashe ba, domin abin ya kan zarce huhu.

Zafin Ikko ma dabam ya ke da na gida. A Sakkwato rana ta fi ƙuna, amma iska busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa yana sanyaya jiki. A bakin teku iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumi sai ya yi ta zuba ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa. Akwai dawakin da ma gumin ke ɗauke musu gaba ɗaya bayan sun daɗe a irin wannan wuri, musamman na ƙasashen waje, sai a gan su a bushe suna haki kamar kare. Maganin dokin da ya fito daga fili da zafi shi ne a cire sirdi, a kai shi inuwa, a yi ta kwara masa ruwan sanyi a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi har numfashinsa ya daidaita, a kuma bar shi ya sha. Tsohuwar maganar nan cewa ruwan sanyi na kama jijiyar doki mai zafi, binciken da aka yi kafin wasannin Olimfik na Atlanta a 1996 ya nuna ba haka ba ne.

Kofato kuwa, wanda a yashin Arewa ke da tauri kamar ƙaho, in ya daɗe cikin laka da fitsari sai ya yi laushi, tsakiyarsa ta ruɓe ta riƙa wari. Sai an sakace shi safe da yamma, an kuma kira mai gyara ya datse shi duk bayan mako huɗu zuwa shida.

Horo

Dawakin da ke wasa a filayen ƙasar nan iri iri ne. Akwai na ƙasa, akwai na Cadi da Sudan waɗanda suka fi su tsawo da gudu, akwai kuma na Ajantina da masu hali ke sayowa don manyan kofuna. A nan akwai abin da zai ba Bahaushe mamaki. Shi a wurinsa hawa na ingarma ne, goɗiya ta haihuwa ce, babban mutum ba ya fita hawan salla a kanta. A Ajantina kuwa yawancin gwanayen dawakin folo goɗiyoyi ne. Har ma akwai wata mai suna Cuartetera, ta shahararren ɗan wasan nan Adolfo Cambiaso, wadda masana suka ɗebi ƙwayar halittarta suka yi kwafinta, ya hau shida daga cikinsu a wasan ƙarshe na babbar gasar Ajantina a 2016. Da marigayi Narambaɗa, wanda ya wasa Dokin Iska Ɗanfilinge, ya ji wannan labari, da ya rasa wacce zai yi wa kirari a cikinsu.

Dokin sukuwa gudu kawai a ke nema a wurinsa. Dokin hawan daba kuwa taƙama da haƙurin kaya da rashin tsoron bindiga. Na folo sai ya haɗa abubuwa da yawa: ya tashi da gudu daga tsaye, ya tsaya cak, ya juya a kan ƙafafun baya, ya bi linzami da hannu ɗaya tak, domin hannun dama na mahayi yana riƙe da sanda, ya kuma yarda ya sa kafaɗa ya ture wani doki suna cikin gudu. Ba a fara wannan da duƙushi ɗan shekara biyu, ƙashinsa bai ƙosa ba. A kan jira ya kai uku ko huɗu, sa'an nan a ɗauki shekara ɗaya ko biyu ana bi da shi mataki mataki.

Da farko tafiya ce da sassarfa, da koyon kauce wa linzami in ya taɓa wuyansa, da sanin matsin ƙafar mahayi. Sai a rataye sanda a barga inda zai riƙa ganinta, a riƙa shafa masa ita a jiki, daga nan a hau a riƙa lilo da ita a hankali kusa da kansa har ya daina ƙyafta ido. Bayan haka ƙwallo, ana tafiya ana ɗan taɓa ta. Sai an ga hankalinsa ya kwanta sa'an nan a sa shi cikin wasan gwaji tare da tsofaffin dawaki, ba da gudu ba. Dokin da aka buge shi da sanda a baki ko a ƙafa a makon farko ya kan riƙe abin har tsufansa, kullum ya ga ƙwallo sai ya goce. Mai doki da ya sayo shi a watan Disamba ya ce lalle sai ya shiga gasar Fabrairu, shi ne ke fafe gora ranar tafiya, in kuma dokin ya lalace a ce yaro ne bai iya ba.

Sai maganar linzami, wadda ba ta yi wa waɗansu daɗi. Linzaminmu na gargajiya, mai zobe da ke zagaye haɓa da harshen ƙarfe da ke dokan ganɗa, an ƙera shi ne don yaƙi da zamiya a gaban sarki, kuma a hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. A hannun wanda bai iya ba ya kan yanka harshe ya fasa dasashi, har a ga jini na bin kumfa. A folo doki zai tsaya ya juya sau da yawa a cikin minti bakwai, saboda haka bakin da aka yi wa rauni ba ya kai ƙarshen gasa. Dokin da ke wurgi da kai ko ya ƙi tsayawa, kafin a ƙara masa ƙarfe a fara duba haƙoransa, domin turamen doki na yin kaifi su yanki kumatu, sai an goge su kamar sau ɗaya a shekara. A kuma duba bayansa ko sirdi ya yi masa miki, ko majanyi ya ci shi.

Filin folo yadi 300 ne a tsawo, 160 a faɗi in an kafa katako a gefe. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Wasa kashi kashi ne, kowane kashi, wanda a ke kira caka, minti bakwai ne da ɗan ƙari, daga nan a sake doki. Doka ta hana a yi ta wasa da doki ɗaya ba hutu, ta hana shiga da gurgu ko mai zubar da jini ko makaho, ta kuma wajabta a naɗe ƙafafun doki don kare su daga sanda da ƙwallo. A kan aske geza a ɗaure wutsiya don kada sanda ta sarƙe. Duk wannan naɗi da ɗauri yaron doki ke yinsa, kuma naɗin da ya yi tsauri ya kan ɓata jijiya, wanda ya yi sako-sako kuma ya kan warware ya harɗe doki ana tsakiyar gudu.

Kan mahayi

Mutanen Sakkwato ba su manta da watan Nuwamba na 1981 ba, lokacin da Gwamna Shehu Kangiwa, wanda aka zaɓa a 1979, ya faɗo daga doki yana wasan folo a Kaduna, ya rasu. Mataimakinsa Dokta Garba Nadama ya gaje shi, dandalin da ke tsakiyar birnin Sakkwato kuma har yau da sunansa a ke kiransa. Gwamna ne mai ci, a filin da ya fi kowane suna a Arewa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan haka ya ke, amma an umurci mutum ya ɗaure raƙuminsa kafin ya yi tawakkali.

Yawancin dokokin folo don tsare rai aka yi su. Babbar cikinsu ita ce ta layin ƙwallo: in an buga ta, hanyar da ta bi ta zama kamar titi, wanda ya ke bin ta daidai shi ke da hanya, ba dama wani ya gitta masa a gaba in akwai haɗarin karo. Don haka ne ma aka hana riƙe sanda da hagu, ko da mutum bahago ne, domin masu tahowa gaba da gaba su wuce juna kamar motoci. Ba a shiga fili sai da hular kwano mai maɗauri. Hular da ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi kuwa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a waje ba, abin da ke cikinta ya riga ya murƙushe.

To, amma ɗan wasa minti nawa ya ke yi a kan doki a mako? Yaron doki shi ke fita kilisa kullum, safe da yamma, shi ke fara hawan sabon doki da ba a san halinsa ba, shi ke shiga tsakanin ingarmu biyu in sun kaure. Sau da yawa kuma daga shi sai hula ko kai sake, da silifa a ƙafa. Silifa a cikin likkafa haɗari ne babba, domin ƙafa ta kan zurma, in mutum ya faɗi doki ya ja shi a ƙasa. Takalmi mai dunduniya da hular kwano ɗaya ba su kai kuɗin sanduna kaɗan ba, waɗanda a ke karyawa a caka guda ba a ko waiwaya. Akwai masu dawaki da suka gane haka suna saya wa yaransu, suna kuma biyan kuɗin asibiti in tsautsayi ya auku. Akwai kuma waɗanda ke kiran likita da tsakar dare saboda doki ya yi tari, amma in yaro ya karye sai a ba shi kuɗin mota a ce ya tafi gida wurin mai ɗori.

Laifin ba na iyayen gida kaɗai ba ne. Akwai yaran da ke ganin sa hular kwano ragwanci ne, su ce kakanninsu da rawani suka yi sukuwa. Sun manta kakannin nan da za su fita yaƙi kwalkwali da lifidi su ke sawa. Akwai kuma masu shan ƙwaya don su jure aikin gasa, alhali doki na bukatar mutum mai cikakken hankali a kusa da shi.

Abin da ya kamata kowane ɗan barga ya sani game da faɗuwa kaɗan ne. Wanda ya faɗi ya ce wuyansa ko bayansa na ciwo, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ɗaga shi a ce a miƙar da shi, kada a cire masa hula da ƙarfi, a riƙe kansa yadda ya ke har masu agaji su zo. Wanda ya bugu a ka, ko bai suma ba, in yana jiri ko amai ko maimaita tambaya ɗaya, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Kada ya sake hawa ran nan, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, likita ya gan shi, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mai kisa. Sa'an nan cutar nan mai sandarar da jiki ta ƙulle muƙamuƙi, wadda likitoci ke kira tetanus, ƙwayarta a cikin ƙasa da kashin doki ta ke zaune, ƙusa ɗaya ta isa ta shigar da ita. Doki na bukatar allurarta, mai share masa ɗaki ma haka, ana kuma samunta a asibitocin gwamnati.

Ba a filin folo kaɗai 'yan Arewa ke cin abinci da doki a Kurmi ba. Tun da aka mai da filin sukuwa na Ikko ya zama Dandalin Tafawa Ɓalewa a 1972 sukuwa ta ja baya a birnin, amma a bakin teku wajen Lekki akwai samari masu ɗora 'yan yawon shan iska a kan doki a biya su. Yawancin dawakin nan ba su da barga ba su da likita, yini su ke a rana cikin yashi mai zurfi, waɗansu da miki a ƙarƙashin sirdi an rufe da tsumma. A Ijebu-Ode kuma, kwana uku bayan Babbar Salla, gidajen Balogun su kan fito da dawaki a bikin Ojude Oba ana harba bindigogi, kuma mai lura zai ga da yawa daga masu riƙe da ragamar 'yan gida ne.

Saurayin da ke Sabo ko Agege yana tunanin shiga wannan aiki, tun da ya tashi a gidan da ke da turke, ya tambayi abu huɗu kafin ya ajiye jakarsa: nawa ne albashi kuma ran nawa ga wata, dawaki nawa za a damƙa masa, ina zai kwana, wa zai biya in ya ji ciwo. A yi maganar a gaban shaidu, ko a gaban Sarkin Hausawan unguwa, in da hali a rubuta. Mutum ɗaya ba ya iya yi wa dawaki fiye da uku ko huɗu adalci a lokacin gasa. Ya kuma tambayi abin da zai faru in damina ta sauka an tsai da wasa, domin waɗansu masu dawaki a lokacin ne su ke ɗora su a mota su mai da su Arewa su huta, kuma ba kowane maigida ke ci gaba da biyan yaron da aka bari a Ikko ba.